Damin Kulu

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa mutum ya yi faɗa da wanda bai yi masa komai ba. Tun hantsi kwanon rufin gidanmu na unguwar Gesse a Birnin Kebbi yake fara ƙara kamar ana taka shi, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama take leƙowa. Sau uku hadari yana haɗuwa ta gabas, sau uku yana watsewa. A cikin wannan hali ne ɗana Nasiru ya ga ya dace ya tara mu a falo, ya karanta mana tarihin zuri'armu da ya kwashe wata biyu yana bugawa a kwamfuta.

Ban hana shi ba, don ni na sa masa son takarda. Na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a firamare, kullum safiya ina kiran rajista, har na kai ga ganin duk abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne. Ƙanena Sani ya zo daga Ambursa a kan babur musamman don ya ji. Mahaifiyarmu, Inna, tana kwance a kan tabarma kusa da ƙofa, inda ɗan iska ke shigowa. Ta haura tamanin, idanunta sun kusa rufewa, amma kunnenta garau yake.

Nasiru ya bi kakanni ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan mahaifina, Malam Umaru. Ya karanta cewa ya auri Inna, Allah ya ba su 'ya'ya bakwai.

"Takwas na," in ji Inna.

Sani ya yi murmushi. "Inna, bakwai muke." Ya shiga lissafa mata sunayenmu da yatsa, daga ni Balkisu har zuwa auta.

"To ina Kulu?"

Sani ya karkata wajen Nasiru, ya rage murya, ya ce tsufa ne, kwanan nan haka take haɗa mafarki da gaskiya. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin jin irin wannan ba. Na wanke shi tas a gaban Nasiru, na ce shi da yake yawo ba wando a lokacin, me ya sani? Ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa jin sunan ga ba ko sau ɗai." Gaskiya kuwa ya faɗa. Fiye da shekara hamsin Inna ba ta ambaci sunan ba, saboda kunya irin ta matan da. Ni ma ban ambata ba, amma nawa dalilin daban ne.

Maganar Sani ta riga ta shige ta. Washegari da na kai mata kunu, sai ta riƙe hannuna. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana, Ta-Iya take ce mini.

"Ta-Iya, na haihi Kulu kuwa, ko mahwalki na niy yi?"

"Kin haife ta, Inna. Ni na goya ta."

"Ke dai lallashina ki kai."

Ta ture kofin. Haka muka yi kwana shida. Kullum tambaya ɗaya, kullum kunun yana komawa kicin da rabi ko fiye. Tsohuwar da ta ga yunwa ta gaske ba ta mutu ba, ga shi shakka tana neman ta kashe ta a gaban idona. Maganata ba ta ishe ta ba. Abin da za ta riƙe a hannu take so.

Maƙwabciyata Maman Obinna, mai shagon atamfa, ta ce su a garinsu ko jaririn kwana uku ne ya mutu, sunansa yana cikin littafin coci. Da Hausarta mai daɗi ta ce, "Malama, ku je ku duba mana, gwamnati ba ta rasa takarda." Ranar Litinin Nasiru ya ɗauke ni a mota muka nufi Argungu.

Mun fara da ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Ma'aikacin da muka tarar mutumin kirki ne, gumi yana tsiyaya ta gemunsa, amma bai gaji da mu ba. Ya buɗe wani kabad ya ɗauko tsofaffin littattafai ɗaure da igiya. Ya buɗe mini na farko. Sunaye ne jere da shuɗiyar tawada, shafi bayan shafi, wane ɗan wane, wance 'yar wane, mutanen da yawancinsu ƙasa ta daɗe da rufe su, ga su nan a zaune cikin layi kamar 'yan aji. Na bi da yatsa har idona ya yi ruwa. Babu Kulu, babu ma kowa daga ƙauyenmu. Muka leƙa inda ake ajiye takardun tsohuwar kotu ko za mu ga auren Baba da Inna. A can ne na gane cewa auren da ya zauna lafiya ba ya barin takarda, sai wanda aka kai ƙara.

Muka komo wurin ma'aikacin nan. Ya ce, "Hajiya, a asibiti anka haihe ta?"

"A ɗakin kakata."

"Da ta rasu, an kawo rahoto?"

"Wa ke da ƙafar kawowa a shekarar nan?"

Sai ya ce, "To a gida fa? Wasu suna rubutawa a bangon littafin addu'a, ko a jikin garu. Ba ku da irin wannan?"

"Muna da rajista," na ce masa. "Amma mun shuka ta."

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Ni kuwa tuni zafin ofishin nan da ƙamshin tsohuwar takarda suka mayar da ni wata bazarar, ina da shekara goma sha biyu.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, kusa da Gulma. Kakata ta wajen uba, Iya Tumba, ba ta san ko alif ba, amma ita ce mai riƙe da lissafin gidanmu, a cikin jinkar ɗakinta. Duk yaron da aka haifa, ranar suna za ta zaɓo zangarniyar shinkafa cikin hannu guda daga girbin shekarar, ta yagi bakin zanen mai jego ta ɗaure, ta rataye a jikin tsaiko bayan na wanda ya riga shi. Idan mai damin ya yi aure, sai ta ƙara masa jan zare. Idan ya mutu, sai ta juya damin kansa ya dubi sama. Hayaƙin murhu ya sa duk sun yi baƙi da kunkunniya, shi ya hana ƙwari cin su. Idan gardama ta tashi a kan wa ya girmi wa, ba a doguwar magana, sai a shiga ɗakin Iya a ɗaga kai. Dami goma sha tara ne a lokacin, kuma ta san kowane da zanensa.

Shinkafar ma ba kowace iri ba ce. Irin kakanmu ne, ja, mai baƙin ƙaiƙayi da dogon gashi mai tsini. Gonarmu tana cikin kwari, inda ruwan gulbi kan shanye mutum tsaye idan ya cika. Wannan shinkafar ita kaɗai ke iyawa da wurin, domin bin ruwa take yi, yana hawa tana hawa. Ba ta da wani suna, jan iri kawai ake ce mata.

A girbin ƙarshe mai albarka aka haifi Kulu. Na tuna ranar sunanta saboda tuwon shinkafa da miyar kifi da muka ci har muka kasa tashi. Iya ta yagi bakin wani shuɗin zane na Inna ta ɗaure daminta, ta sa ni na hau turmi na rataye shi. Yarinya ce mai ƙiba, mai yawan dariya, kuma a bayana ta fi zama.

Damina ta gaba ruwa ya sauka sau biyu, aka yafa iri, ya tsiro kore shar, sai sama ta rufe bakinta. Tsiron ya ƙone a tsaye. Da aka ƙara samun yayyafi Baba ya sake yafawa, wannan ma ya bi na farko. Gulbin da kan malale fadama har ido ya kasa ganin ƙarshensa ya koma wata 'yar siririyar hanya da akuya ke tsallakewa. Ƙasa ta tsattsage, ƙafar yaro tana iya faɗawa ciki. Sauran irin da ke rumbu Baba ya yi ta kare shi har ranar da ya ga Sani yana cin ƙasa, sannan ya ce a daka.

Daga nan rayuwa ta koma tsari ɗaya. Da asuba mu mata mu fita da ƙorai, mu tsinko anza, mu sharo ƙarangiya. Anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, duk da haka ɗacinta yana manne a maƙogwaro har gobe. Ƙarangiya kuwa a daka ta a sheƙe, hannu duk ƙaya, a samu ɗan abin da bai cika tafi ba. Maza su bi fadama da sanduna suna buga busasshiyar laka suna kasa kunne, suna neman gaiwa, kifin nan da kan binne kansa a ƙasa idan ruwa ya ƙafe. Na taɓa bin Baba. Ya buga, ya saurara, ya haƙa kamar kamu biyu, ya ciro wani dunƙulen laka busasshe ƙamas. Da ya fasa shi sai ga kifi a naɗe, da ransa, yana motsi a hankali. Wata nawa yana nan, ba ruwa ba iska, yana jira. Baba ya tsaya yana kallonsa yana tasbihi. Yunwa tana cina, amma sai da na ji tsoron Allah ya fi ta ƙarfi.

Sau ɗaya ake ɗora tukunya, bayan la'asar. Iya ce ke rabo, kuma kullum ita ce mai cewa cikinta ba daɗi, a ba yara. Ko a ranakun da ruwan zafi da ganyen tafasa kawai muka sha, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi damman nan da idon abinci, sai Sani, shi ma sau ɗaya, don Iya ta nuna masa muciya.

Nonon Inna ya ƙafe. Kulu ta daina dariya, daga baya ta daina kuka. Nauyinta a bayana ya yi ta raguwa har nakan kai hannu in taɓa in ji ko tana nan. Tana da wata tara ta rasu, wata ranar Laraba da hantsi. Maza huɗu suka kai ta, suka dawo ba a jima ba. Ba a yi zaman makoki ba, don kusan kowane gida yana da nasa.

Da yamma Iya ta ce in hau turmi in juya mata damin. Na hau, na laluba, babu shi. Sai gurbinsa kawai, fari a cikin baƙin kunkunniya. Iya ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce in sauko kada in faɗi. Bayan kwana biyu Inna ta aike ni in ɗauko mata allura a cikin adudunta. A ƙarƙashin zanen saƙi na ji wani abu ya soke ni a yatsa. Na ɗaga, na ga shuɗin ƙyalle. Na mayar na rufe, ban gaya wa kowa ba.

Yadda muka kai bazara ta gaba, Allah kaɗai ya sani. Zafinta irin na bana ne sak, iska ba ta motsi, ƙarfe ba ya taɓuwa. Amma sai ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar masallaci, iska ta juyo da ɗan sanyi da ƙamshin ƙasa, tsofaffi suka ce bana akwai ruwa. Dangin Inna na tudu suka aiko mana da irin gero. Shinkafa ce babu. Wadda ake samu a kasuwa gajera ce da aka kawo daga nesa, ruwa yana kai mata gwiwa ta nutse. Jan iri kuwa duk ƙauyen an cinye shi, gida bayan gida Baba ya bi yana tambaya. Ya dawo ya zauna a tsakar gida ya ce in babu jan iri, gonar kwari ba gona ba ce. Idan an cire gero, za mu bar garin mu yi kudu.

Iya ta ce, "Umaru, ɗauko min tsani."

Aka sauko da damman duka, aka jera su a kan tabarma, rayayyu da matattu. Ban taɓa ganin su a ƙasa ba. Kamar an tara gidan gaba ɗaya ne, har da waɗanda ban sani ba. Iya ta bi su da suna, daga kowane ta murje ƙwaya kaɗan, ta ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a ƙwarya, ta ajiye a gindin randa. Safe da yamma ni ke yayyafa musu ruwa.

Rana ta huɗu aka kwance. Na mijinta, babu. Na Baba, babu. Na baffannina da gwaggonnina, babu. Nawa ya ruɓe har yana wari. Iya ta toshe hanci ta ce, "Ke Balki, ashe duk ƙarhin naki ga baki yat tsaya." Aka yi 'yar dariya, ta farko cikin watanni. Na Sani, mai shekara huɗu, ƙwaya biyu suka kumbura, daga nan ba su ƙara komai ba. Iri yana tsufa ya mutu kamar mutum, a ranar na sani.

Iya ta tattara tsummokaran. Ba ta dubi kowa ba ta ce, "Saura guda, wanda bai tsuhwa ba. Sai dai ɓera ya riga mu."

Inna tana zaune a bakin murhu, kanta a ƙasa. Baba ya miƙe yana kaɗe riga. Ni kuwa bakin nan nawa, da Iya ta gama yi masa ba'a, ya buɗe da kansa.

"Ba ɓera ba ne. Yana cikin adudun Inna, ƙarƙashin zanen saƙi."

Har yau ina ganin kallon da Inna ta yi mini. Babu fushi a cikinsa, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da shi a hannu biyu kamar yadda ake ɗaukar jariri, ta ajiye a gaban Iya, ta koma bakin murhu. Iya ta murji ƙwaya goma ta ƙulle.

Bayan kwana uku aka kwance tsumman. Bakwai sun fito da farin tsiro, siriri kamar zare. Baba ya yi kabbara da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Iya ta rufe fuska da gefen zane. Ni na juya ina neman Inna, sai na hango bayanta ta ɗauki tulu ta nufi rijiya.

Ruwan farko ya sauka ranar Juma'a da azahar, da iska da tsawa, muka tsaya a cikinsa ba wanda ya nemi mafaka. Baba bai yafa wannan irin ba kamar yadda aka saba. Ya durƙusa a wani ɗan lungu na gonar kwari ya binne shi ƙwaya ƙwaya, ya kewaye da ƙaya, ya kafa turke ya ɗaura shuɗin ƙyallen a kai don ya gane wurin. Duk gonar ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba.

Sannan gulbi ya zo. Wata safiya muka tashi muka ji kwaɗi sun cika duniya, fadama ta zama ruwa har ƙarshen gani. Kullum ina bin Baba a kwalekwale. Ya soka gwangwala ya auna, yau ruwa ya kai gwiwa, jibi ya kai ƙugu, bayan mako ya kai ƙirji. Kullum ina cewa yau kam ta nutse. Kullum sai mu tarar da korayen kawunanta a saman ruwa suna kaɗawa. Ruwa ya shanye ƙayar, ya shanye turken, ya tafi da ƙyallen, amma bai shanye ta ba. Wata rana Baba ya zura hannu ya bi kara ɗaya zuwa ƙasa, har kafaɗarsa ta nutse bai taɓa gindinsa ba. Ya ɗago ya dube ni. Ni dai na san ina kallon wani abu da ya fi ƙarfin wayona.

Da kaka muka yanke ta daga cikin kwalekwale, kwando guda. Gero ne ya riƙe mu a shekarar, ko ƙwaya ɗaya ta kwandon nan ba a ci ba. Shekara ta biyu ta cika rumbu ƙarami, Baba ya raba wa maƙwabta iri da tafin hannu. Ba mu yi kudu ba. Inna kuwa ba ta taɓa zuwa ganin gonar ba, ba ta kuma taɓa yi mini maganar ba. Kabarin Kulu ruwa ya share shi tun damina ta farko, ƙyallen ya tafi, damin ya tafi. Ni na raba ta da abu ɗaya da ya rage mata, kuma na girma da sanin haka.

Daga baya aka kai ni makarantar kwana a Birnin Kebbi. Iya ta rasu, ɗakinta ya faɗi, Baba ya bi ta. Injin ban ruwa ya shigo fadama da farar shinkafa mai saurin nuna, ana noma rani da damina. Na ɗauka jan iri ya bi masu shi.

Wannan ne abin da ban iya gaya wa ma'aikacin nan ba. Na yi masa godiya muka fito hannu wofi. Nasiru ya ce mu kama hanya, na ce a'a, mu biya kasuwa in sayi busasshen kifi, ko ƙamshinsa zai sa Inna ta ci wani abu.

Da yake ruwa ya kusa, masu sayar da iri sun yi layi a bakin rumfunan hatsi. Ina wucewa ina sharar gumi, sai idona ya faɗa kan wani buhu a gaban wani tsoho mai hular saƙi. Baƙin ƙaiƙayi, dogon gashi. Na tsaya cak har mai tura baro ya kusa buge ni. Na zura hannu, ya soke ni a yatsa.

"Baba, wannan wace iri ce?"

"'Yar Kulu ta, Hajiya. Ba ta 'yan birni ba ta. Ta masu gonar kwari ta."

"Me ka ce sunanta?"

"'Yar Kulu. Ai ko yaro ya san ta. Duk shekarad da ruwa yac ci gonaki, ita ɗai ka tsayawa. Wanga na injin, ruwa na kai mishi wuya ya tahi. Shi as sa ba mu yarda ta ɓace."

"Daga ina ta fito?"

"Daga wajen Gulma, bayan babbar yunwa. Ubana can yas samo ta. Yanzu kau hab bakin iyaka ana shibka ta."

"To wace ce Kulun?"

Ya gyara zama, ya ji daɗin tambayar. "Wata gawurtaccar mata ta, manomiya. An ce rumbunanta ba su ƙirguwa. Da yunwa ta zo, ita tab buɗe su tac ciyar da ƙasag ga duka. An ce in tana tahiya, ƙasa har motsi takai."

Na zauna a kan buhun maƙwabcinsa ba tare da na nemi izini ba. Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta. Nasiru ya rikice yana tambayar ko zafi ne ya buge ni. Yarinyar da na goya, wadda nauyinta bai kai na tulun wasa ba, wadda ba ta taɓa sa ƙwayar shinkafa a bakinta ba. Na bi shafi ɗari ina neman sunanta, ashe yana bakin mutanen da ba su taɓa ganinta ba, suna kiransa kowace bazara, suna binne shi a ƙasa yana tashi. Ban gyara wa tsohon labarinsa ba. Na ce ya auna mini tiya guda.

La'asar sakaliya muka iso gida. Inna tana inda na bar ta, kunun safe yana gefenta ya yi sanyi. Na durƙusa, na buɗe tafinta, na zuba mata.

Ta murza a hankali. Gashin ya soke ta, ta ɗan janye yatsa, ta sake murzawa. Ta kai hanci.

"Jan iri na. Ina kis samo shi?"

"A kasuwar Argungu, Inna. Amma yanzu ba haka sunansa ba. 'Yar Kulu suke ce mata."

Na kwashe duk abin da tsohon ya faɗa na gaya mata, har da rumbunan da ba su ƙirguwa da ƙasar da ke motsi. Inna ta yi dariya har tari ya kama ta, hawaye yana bin kuncinta.

"Gawurtacca! Ɗiyad da ko haƙori ba ta yi ba."

Ta dunƙule hannun ta ɗora a ƙirji. Sannan ta ce, kamar mai gaya wa kanta, "Ashe na haihe ta."

"Kin haife ta, Inna."

"Nasiru, tahi ka gyara takardakka. Takwas na."

Ya tafi da sauri. Muka rage mu biyu. Maganar da na riƙe shekara hamsin ta taso mini, na ce, "Inna, ranar nan da na tona adudunki..."

"Da ba ki tona ba, da ta ruɓe ciki," in ji ta. "Na sani tun ran nan. Bakina na yak kasa hwaɗi."

Na ce ko in daka in dafa mata, ta ɗanɗana. Ta girgiza kai. Ta tsinci ƙwaya uku ta ƙulle a bakin zanenta, ta miƙo mini sauran da hannunta.

"Iri na, ba a ci. Ki aika ma Sani shi kai hwadama tun ruwa bai sauka ba, kada ta tsuhwa. Ke kuma ɗumamo min kunun ga."